Yadda Ake Zaɓen Garin Yada Zango a Andalus Don Tafiye-tafiyen Jeka-ka-dawo

Wanda ya samu hutun mako guda a kudancin Sifaniya, yankin da ake kira Andalus, yawanci wurare huɗu ne a ransa: Ƙurɗuba, Sevilla, Granada da Malaga. Mafi yawan mutane sukan raba kwanakin ne, ɗaya nan, biyu can, suna jan akwati daga otal zuwa otal. Wannan tsari yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Otal zai ce ka fita da ƙarfe 11 ko 12 na rana, wanda za ka koma kuma ba zai ba ka ɗaki ba sai ƙarfe 2 ko 3. Tsakanin ɗaure kaya, zuwa tasha, neman sabon masauki da jiran makulli, rabin yini ya tafi. Idan ka yi ƙaura sau uku a mako, yini ɗaya da rabi ka bayar.

Abin da ya fi shi ne ka yada zango a gari ɗaya, ka ajiye kayanka, kullum ka yi sammako da ƙaramar jaka ka je wani gari ka yini, ka dawo ka kwana a gadon da ka riga ka saba da shi. Amma duk daɗin wannan tsari ya rataya ne a kan garin da ka zaɓa, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure, domin da hoto suke zaɓe.

Fara da tashar jirgin ƙasa, ka bar kyau zuwa baya

Ɗauki Ronda. Gari ne da ke kan bakin wani rami mai zurfin kusan mita 100, da gadar dutse da aka kammala a 1793, ga fararen gidaje. Duk wanda ya ga hotonsa zai so ya kwana biyar a ciki. To amma Ronda tana cikin duwatsu, layin jirgi mai gudu bai bi ta cikinta ba, jiragen da ke zuwa kaɗan ne a yini, kuma bas zuwa Sevilla ko Malaga yana cin awa biyu ko kusa da haka a kan hanya mai kwana-kwana. Wanda ya zauna a can zai riƙa ɓata awa huɗu kullum a hanya. Ronda wurin ziyara ce, ba wurin zango ba.

Don haka kafin ka buɗe shafin otal, rubuta wuraren da lallai sai ka gani, kada su wuce huɗu ko biyar. Sai ka shiga shafin Renfe, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin Sifaniya, da na ALSA mai bas-bas, ka duba abu uku game da kowane gari da kake tunanin zama: minti nawa ne zuwa kowane wuri, sau nawa jirgi ke tashi a yini, da ƙarfe nawa na ƙarshe yake dawowa. Na ukun nan shi ne wanda aka fi mantawa. Jirgin safe kusan ko'ina akwai shi. Na dawowa da dare shi ne ke nuna ko za ka yi yininka cikin natsuwa ko kuwa za ka bar abinci a faranti ka ruga tasha. Ka kuma duba jadawalin Asabar da Lahadi daban, domin bas na ƙananan garuruwa yana raguwa sosai a ƙarshen mako, wani ƙauyen ma ba ya samun ko ɗaya ranar Lahadi.

Lissafin lokaci kuwa daga ƙofa zuwa ƙofa ake yin sa. Idan jadawali ya ce minti 45, ka ƙara tafiyarka daga masauki zuwa tasha, da minti 15 zuwa 20 na isa da wuri, da kuma tafiya daga tashar can zuwa abin da ka je gani. A tashoshin jirgi mai gudu ana saka jaka a na'urar bincike kafin a sauka wurin shiga, kuma ana rufe ƙofa minti biyu kafin tashi. Wanda ya iso a makare, ko yana hangen jirgin ba za a bar shi ya shiga ba. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne kada tafiya ta wuce awa ɗaya da rabi daga ƙofa zuwa ƙofa. Wuri guda ɗaya mai nisan awa biyu ana iya jure shi a mako, idan ya cancanta. Biyu ko uku kuwa, gajiya za ta cinye hutun.

Me ya sa Ƙurɗuba

Idan aka bi wannan lissafi, Ƙurɗuba ce ke fitowa a gaba. A tikiti da allunan tasha za ka ga an rubuta Córdoba. Tana kan layin jirgi mai gudu na Madrid zuwa Sevilla da aka buɗe a 1992, kuma kusa da ita ne layin ya rabu zuwa Malaga, wanda aka kammala a 2007. Granada ma ta samu nata a 2019. Daga Ƙurɗuba, Sevilla kimanin minti 45 ce, Malaga kusan awa guda, Granada awa ɗaya da rabi ko sama kaɗan, Madrid kuma kusan awa biyu. Tashar bas tana fuskantar tashar jirgi, titi kawai za ka tsallaka. Babu wani gari a yankin da ya haɗa waɗannan duka.

Akwai dalili na biyu, kuma a ganinmu ya kai na farko nauyi. Ƙurɗuba gari ne da yawancin baƙi ke zuwa su yini su koma Sevilla ko Madrid. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa la'asar, lungunan da ke kewaye da tsohon babban masallacin garin a cike suke maƙil. Da yamma ta yi sai su watse. Kai kuwa da safe ka fita lokacin da suke shigowa, ka dawo lokacin da suke fita, sai ka tarar da garin a hannun masu shi: yara na wasa a dandali, tsofaffi na zaune a benci, gadar Rumawa da ke kan kogin Guadalquivir babu turereniya. Wannan shi ne abin da za ka auna a kowane gari: yaya yake bayan ƙarfe 7 na yamma? Garin da ke mutuwa da zarar motocin 'yan yawon buɗe ido sun tafi zai bar ka ba wurin cin abinci, ba shago. Wanda kuma mashaya ke raya darensa zai hana ka barci alhali kana da jirgin safe. Ƙurɗuba tana da mutane sama da 300,000, da jami'a, da kasuwanni na 'yan gari, saboda haka rayuwarta ba a kan baƙi kaɗai ta dogara ba.

Ga mai karatun addini kuma garin ba baƙo ba ne. A nan Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ya zauna har ya rasu, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce ake karantawa a zaurukanmu. A nan aka haifi Ibn Hazm a 994 da Ibn Rushd a 1126. Masallacin da Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yana nan tsaye da ginshiƙansa, sai dai tun 1236 coci ne, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi suna hanawa. Wanda ke kwana a garin yana da wata dama da mai yini ba shi da ita: daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe shi kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe ga ɗaiɗaikun mutane, lokacin da babu cunkoso. Ka tabbatar da wannan a shafinsu kafin ranar, domin bukukuwan coci sukan canza shi.

Sauran garuruwan ma kowanne da wanda ya dace da shi. Sevilla ta fi girma da hada-hada, masauki ya fi tsada, kuma ta karkata yamma, don haka Granada ta yi mata nisa. Ta fi dacewa da wanda idonsa ke kan Cádiz, Jerez da Carmona. Malaga tana da babban filin jirgin sama da iskar teku, kuma ita ce zaɓin mai tafiya a tsakiyar bazarar Turai. Antequera ƙaramin gari ne a tsakiyar yankin, mai tsohuwar ganuwa a kan tudu, ya dace da mai hayar mota. Idan da jirgi za ka je can, ka lura tashoshi biyu ne: Antequera AV tana cikin gari, Antequera-Santa Ana kuwa tana can daji, kusan kilomita 20 daga gari. Wanda ya sayi tikitin Santa Ana bisa kuskure sai ya biya tasi mai tsada.

Wata da rana

Ƙurɗuba tana cikin wuraren da suka fi zafi a Turai. A Yuli da Agusta ma'auni yakan haura digiri 40, irin zafin Sakkwato a watan Afrilu, kuma yawon ƙafa ka zo yi. A waɗannan watanni shawarar ta juya: ka zauna a Malaga, ka kai wa Ƙurɗuba ziyara da sassafe. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Maris zuwa farkon Yuni, da ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Sai dai a farkon Mayu ana bikin tsakar gidaje, inda masu gida ke buɗe ƙofa a shiga a ga furanninsu, a ƙarshen watan kuma ana babban bikin gari. Makon Ista ma haka, a duk faɗin Andalus ana toshe tituna saboda jerin gwanon coci. A waɗannan ranaku kuɗin ɗaki yana tashi sosai, kuma sai an kama tun watanni kafin lokaci.

Unguwa ta fi sunan otal muhimmanci

Daga tashar jirgi zuwa tsohon masallacin kusan kilomita biyu ne, tafiyar minti 20 zuwa 25. Tsohuwar unguwar da ke kewaye da shi, Judería, ita ce mai kyau a hoto, amma lungunanta ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu, kuma sau da yawa tasi ba ta isa ƙofar gida. Jan akwati mai taya a kan dutsen nan wahala ce, kuma kullum za ka ƙara kusan awa guda a tafiyarka, zuwa da dawowa. Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakani: kewayen dandalin Tendillas, ko kusa da lambun Colón, ko gefen Paseo de la Victoria. Daga nan tasha minti 10 zuwa 15 ce a ƙafa, tsohon gari ma haka. A cikin lambun Colón akwai wani ƙaramin masallaci da ake kira Morabito, wanda musulmin garin ke salla a ciki.

Kada ka yarda da kalmar "tsakiyar gari" a talla. Ɗauki adireshin ka saka a taswirar waya, ka zaɓi tafiyar ƙafa zuwa tasha, ka ga mintunan da idonka.

Tunda kwana biyar ko shida za ka yi, gidan haya mai kicin ya fi ɗakin otal amfani, musamman ga iyali. Ka tambayi mai gidan kafin ka biya: akwai injin wanki? Na'urar sanyaya ɗaki tana cikin ɗakin kwana ko a falo kaɗai? Hawa na nawa ne, kuma akwai lifta? Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. Tagar ɗakin titi take kallo ko tsakar gida? Mai kallon tsakar gida ya fi shiru da sanyi. Yaya ake karɓar makulli idan jirgi ya makara? Gidajen haya na baƙi a Andalus suna da lambar rajista ta hukuma da ake sakawa a talla, wanda ba shi da ita ka bar shi. Za a nemi bayanan fasfo ɗin kowane baƙo, doka ce, ba rashin yarda ba.

Ka zaɓi ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, saboda biza. Mai fasfo ɗin Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru yana bukatar bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Sifaniya ke cikinsu, kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar wurin kwana na kowane dare. Zango ɗaya yana sauƙaƙa wannan, takarda ɗaya ta wadatar a maimakon huɗu. Kada ka sayi abin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ta fito.

Ƙananan abubuwa biyu: soket ɗin Sifaniya mai ramuka biyu zagayayyu ne, wanda ya fito daga Najeriya ko Ghana ya taho da adafta, na Nijar yawanci cajarsa za ta shiga. Ka kuma saka ƙaramar buta ta roba a akwati.

Yadda ake jera kwanakin

Tikitin Alhambra ake fara saye, sauran mako ya bi bayansa. Fadar sarakunan Banu Nasr da ke Granada, daular musulmi ta ƙarshe a Andalus da ta faɗi a 1492, tana da adadin mutanen da ake bari su shiga, kuma tikiti yakan ƙare makonni kafin ranar. Ka saya a shafin hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife, domin akwai shafukan 'yan kasuwa masu kama da shi da ke ƙara kuɗi. Tikitin da sunanka yake fita, kuma sai ka nuna fasfo na asali a ƙofa. A jikinsa akwai lokacin shiga ɓangaren fadar Nasr, wanda idan ya wuce ya wuce, ba a sauya shi. Mai tahowa daga Ƙurɗuba kada ya ɗauki lokacin safe. Ka ɗauki ƙarfe 1 na rana ko bayan haka, don ko jirgi ya yi jinkiri kana da rata. Daga tashar Granada ka hau tasi kai tsaye, ko ka shiga gari ka hau ƙaramar bas mai lamba C30. Ka ware aƙalla awa uku a ciki.

Granada ita ce tafiyar da ta fi ƙetare ma'aunin awa ɗaya da rabi, kuma jiragenta ba su kai na Sevilla yawa ba, saboda haka tikitin dawowa ka saye shi tare da na zuwa. Idan da hali, gaskiya ta cancanci kwana guda: ka bar akwati a Ƙurɗuba, ka tafi da kayan sawa ɗaya, ka biya ɗaki biyu a daren. Da haka za ka samu hawa unguwar Albaicín da yamma, inda babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003 yake fuskantar Alhambra. Wanda ya daidaita tafiyar da Juma'a zai samu jam'i a can, sai ya ɗauki lokacin fadar da la'asar.

Sevilla ba ta da wahala. Jirage suna da yawa, kuma iri-iri ne: AVE da Iryo farashinsu yana hawa yayin da rana ke matsowa, Avant farashinsa tsayayye ne, Media Distancia kuma ya fi araha amma yana cin kusan awa ɗaya da minti 20. Daga tashar Santa Justa zuwa tsohon gari tafiyar minti 25 ce ko gajeriyar tasi. Ka sayi tikitin fadar Alcázar da na babban cocin tun da wuri a intanet. Hasumiyar Giralda da ke jikin cocin ita ce hasumiyar masallacin daular musulmi ta Muwahhidun da aka kammala a 1198, kuma gangara ake hawa a cikinta maimakon matakala, don haka ko mai ciwon gwiwa yakan iya. Kada ka sa Sevilla ranar Lahadi, domin sai da rana ake buɗe cocin ga baƙi.

Kada ka jera doguwar tafiya biyu a jere. Bayan Granada, washegari ka tsaya kusa. Madinatuz Zahra, kufan birnin da Sarki Abdurrahman na Uku ya fara ginawa wajen 936, tana kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, akwai bas na musamman da ke tashi daga Paseo de la Victoria, ana kama kujera tun kafin ranar. Rabin yini ya isa, amma babu inuwa sosai, sai da hula da ruwa. A rufe take ranar Litinin, kamar yawancin gidajen tarihi na yankin, don haka Litinin ta fi dacewa da Malaga da bakin teku. Ganuwar Almodóvar del Río, wadda asalinta na zamanin musulmi ne, tana kan tudu kimanin rabin awa a bas. Ƙauyukan zaitun irin Zuheros da Priego de Córdoba kuwa sun fi daɗi da mota.

Idan za ka yi hayar mota, yi ta yini ɗaya ko biyu kawai, ka karɓa a tashar jirgi ka mayar a can. Ana bukatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, kuma yawancin motocin masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya nema tun da wuri. Kada ka shiga tsohon gari da ita. Akwai titunan da aka keɓe wa mazauna, kyamara ke ɗaukar lamba, tarar kuma ta biyo ka ta kamfanin haya bayan ka koma gida.

Ci da salla a kan hanya

Agogon cin abincin Sifaniya daban yake. Abincin rana daga 1:30 zuwa 4 ne, na dare ba a fara shi sai 8:30. Tsakanin nan kicin ɗin gidajen abinci da yawa a rufe yake, ƙananan shaguna ma suna rufewa da rana, manyan kantuna kuma yawanci ba sa buɗewa ranar Lahadi. Ka yi cefane ranar Asabar, ka kuma riƙa saka burodi, dabino da ruwa a jaka. Ruwan famfo ana shan sa.

Naman alade yana shiga abincin da ba ka zata ba. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da Ƙurɗuba ta shahara da ita, ana barbaɗa mata shi a sama, sai ka ce "sin jamón", wato ban da shi. Flamenquín alade ne gaba ɗaya, wutsiyar bijimi kuma da giya ake dafa ta. Soyayyen kifi, soyayyen gauta da ake zuba wa zuma, da wainar ƙwai da dankali sun fi sauƙin sha'ani, duk da haka ka tambaya. Akwai gidajen abincin 'yan Maroko a kewayen tsohon masallacin Ƙurɗuba da titin Calderería Nueva na Granada, da mahauta na halal a manyan garuruwan, wanda shi ne amfanin kicin.

A lokacin bazarar Turai agogon Sifaniya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa guda, a hunturu kuma daidai suke. A watan Yuni azahar tana shiga bayan ƙarfe 2, magariba bayan 9:30, isha'i bayan 11 na dare. Wannan yana nufin za ka iya dawowa masauki kafin magariba kusan kullum. Alƙibla daga nan gabas ce, ta ɗan karkata kudu. Kada ka kwaikwayi mihrabin tsohon masallacin, domin shi kudu ya fi fuskanta, ka yi amfani da kamfas ɗin waya.

Daren ƙarshe

Ƙurɗuba ba ta da filin jirgin da za ka tashi zuwa gida daga cikinsa, ta Malaga, Sevilla ko Madrid za ka fita. Idan jirginka na sama zai tashi kafin azahar, kada ka dogara da jirgin ƙasan safiyar ranar. Ka koma garin da filin yake tun jajibere ka kwana. A Malaga ka nemi ɗaki kusa da tashar María Zambrano, inda jirgin cikin gari mai lamba C1 ke kai mutum filin jirgi cikin kusan minti 10. Ka saka wannan daren a takardun biza tun farko, don kwanakin da ke jikin shaidar masauki su dace da na tikitin jirgi.